Yadda ake shirya tunawa da jagoran fasaha ko ɗan jarida da ya rasu a Legas

Idan babba a harkar waƙa, wasan kwaikwayo, rubutu ko aikin rediyo ya riga mu gidan gaskiya, abin da ke fara zuwa wa almajiransa a rai shi ne a kama zaure, a buga kati, a gayyato manya su yi jawabai. Wannan ɓangaren mai sauƙi ne, kuma da an naɗe tabarmi ya wuce. Aikin da ke da wuya yana cikin kwalaye da jakunkunan bakko da marigayin ya bari a ƙarƙashin gado: kaset-kaset, hotuna, rubutun shirye-shirye, wasiƙun masu saurare. A Legas kayan nan ba sa jira. Kuɗin haya na ƙarewa mai gida zai nemi ɗakinsa, iyali su tattara abin da za su iya ɗauka su koma Arewa, sauran kuma laima da gara su gama da shi kafin a cika shekara biyu. Saboda haka tsarin da ke tafe ya sa ceto kaya a gaba, taro a baya.

Iyali tukuna

Kada a tayar da maganar cikin kwana ukun zaman makoki. Bayan nan a tura mutum biyu ko uku waɗanda gidan ya sani, a haɗa da dattijuwa guda da za ta iya shiga wurin mata. Matan marigayi suna takaba wata huɗu da kwana goma, don haka duk ranar da za a sa, in ana son su halarta, sai ta wuce wannan wa'adi. Shigar ma da ladabinta: "Hajiya, ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa ya huta. Mun zo neman izini ne, ba mun yanke komai ba." In matan sun fi ɗaya, kowane ɗaki a ji ta bakinsa. Yawancin rigimar da ke ɓata irin wannan taro daga nan take farawa, an yi magana da babban ɗa kaɗai an ɗauka an gama.

Abu uku ake tambaya. Na farko bashi. Hadisi ya zo cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa, to ba dabara ba ce a kashe kuɗi a kan rumfa da shinkafa alhali ana bin marigayi kuɗin haya ko na asibiti. Na biyu, wane irin taro suka yarda da shi. Malamai sun saɓa a kan sadakar bakwai da ta arba'in da ta shekara, wasu gidajen suna yi, wasu suna ƙyamar abin, kuma kwamiti ba wurin warware wannan saɓani ba ne. A bi abin da gidan ke kai. Akwai 'ya'yan makaɗa da ba sa son a sa kiɗan mahaifinsu a wurin da aka karanta Alƙur'ani. Mafita ita ce a raba zama biyu, addu'a a masallaci, lacca da sauraro a zaure. In marigayin Kirista ne, a bar wa iyali da cocinsu ɓangaren ibada, kwamiti ya riƙe na aikinsa. Na uku, me ba sa so a fito da shi bainar jama'a.

Duk kaset da hoto da takardar da ke gidan dukiyar magada ce. Aro ake karɓa, kuma a rubuce: adadin kowane iri, ranar karɓa, ranar mayarwa, sa hannun wakilin magada da shaidu biyu, kowane ɓangare ya riƙe kofi. Takardar ta faɗi a fili ko an yarda a ɗora abin da aka kwafa a intanet, ko don ajiya da ranar taro kaɗai.

Kwamiti kada ya wuce mutum bakwai, cikinsu har da ɗan gidan da wanda ya san na'ura da gaske. Kuɗi ya shiga asusun da sai mutum biyu sun sa hannu, ba asusun sakatare na kansa ba, ko da kuwa waliyyi ne. A ware aƙalla rabin abin da aka tara don aikin ceto tun kafin a yi cinikin zaure, domin in aka bari sai abin da ya rage, ba abin da zai rage.

Inda ake neman kayan

Gidan marigayi kashi ɗaya ne. Waɗanda suka yi aiki a sashen Hausa na Muryar Najeriya ko Rediyon Tarayya a Ikoyi, ko NTA a Victoria Island, sai a rubuta wa ɗakin ajiyar gidan takarda da sunan shirin da shekarun da aka yi shi. A sa rai kaɗan, domin a da tef yana da tsada, gidajen rediyo da yawa sukan goge tsohon shiri su ɗauki sabo a kai. Wanda ya yi FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977, a leƙa cibiyar al'adu ta CBAAC da ke nan Legas, wadda aka danƙa wa kayan bikin. Mawaƙan da suka yi faifan garmaho da kamfanoni irin su EMI, faifansu kan ɓulla a hannun masu tara tsofaffin faifai. A Arewa akwai Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, da Gidan Arewa, cibiyar adana tarihi da ke Kaduna, da ma'ajiyar fina-finai da sauti ta ƙasa da ke Jos.

Amma mafi albarka su ne talakawan masu saurare. Tsofaffin masu sayar da kaset a Agege da Idi-Araba da Mile 12, direbobin tirela da suka yi shekaru suna jigila tsakanin Apapa da Kano, masu shayi da suka riƙa ɗaukar shiri daga rediyo kai tsaye. A sa limamai su yi sanarwa bayan Juma'a, a sanar a ƙungiyoyin 'yan kasuwa, kuma a faɗa ƙarara cewa za a kwafa a mayar wa mutum kayansa tare da kofi a memori. Ba wanda zai saki kaset ɗin da ya adana shekara talatin in bai tabbata zai dawo ba.

Kowane abu da ya shigo a ba shi lamba a kan ƙaramar takarda mai manne, a jikin kwanson kaset, ba a kan rubutun da ke jiki ba. A buɗe rajista: lamba, mai shi, abin da aka rubuta a jiki harafi da harafi, halin da yake ciki. A ɗauki hoton gaba da baya da waya. Rubutun biro da ke jikin kaset sau da yawa shi kaɗai ne shaidar shekara da wurin da aka yi ɗauka.

Kaset: inda aka fi yin ɓarna

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zura tsohon kaset a kowace irin rikoda don a ji me ke ciki. Zaren da ya shekara ashirin a laimar Legas yana iya tsinkewa ko ya naɗe a cikin injin a wannan juyin na farko, kuma wataƙila shi kenan kofin da ya rage a duniya.

A fara da ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu da ke saman kaset, don kada hannu ya kuskure ya danna ɗauka ya goge. Sannan a duba ta tagar tsakiya. In an ga fari-fari ko toka-toka a gefen zaren, fumfuna ce. A ware irin waɗannan a jakarsu daban, domin tana yaɗuwa zuwa sauran kaset da cikin injin kanta. Kada a shanya su a rana, zafi yana lanƙwasa kwanson yana kuma lalata zaren. A sa su a roba mai murfi tare da ƙunshin ƙwayoyin tsotse danshi, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi amma masu yawa, a bar su mako biyu zuwa uku har fumfunar ta bushe. Daga nan mai aikin ya rufe hanci da baki, ya riƙa juya zaren a hankali da biro yana share shi da ƙyalle mai laushi marar zubar da gashi.

A duba ɗan soson nan da ke ƙarƙashin zaren a tsakiyar bakin kaset. Shi ke danna zaren ya manne da kan rikoda, wato ɗan ƙarfen da ke karanta sautin, kuma gam ɗinsa kan saki ya faɗi. In babu shi, murya za ta fito a dushe ko ta riƙa ɗaukewa. Ana ciro wani daga kaset marar amfani a manna. Kwanson da ya fashe ko ya cije, a kwance shi a mayar da zaren cikin wani kwanso mai sukurori biyar. Zaren da ya tsinke da tef ɗin haɗi na musamman ake haɗa shi ta bayansa. Salatef yana narkewa ya zubar da danƙo, ya manne zagaye uku ko huɗu wuri guda. Kaset mai lamba C120, wato mai minti 120, zarensa ya fi na C60 da C90 siranta, a bi shi a hankali. Wanda ba shi da fumfuna, a tura shi gaba har ƙarshe a dawo da shi sau ɗaya kafin a kunna, don zaren ya saki.

Injin kuma kada a yi masa rowa. Ƙananan rikodojin nan masu arha da ake haɗawa da kwamfuta kai tsaye gudunsu ba ya tsayawa wuri ɗaya, murya takan yi rawa, goge da kukuma su koma kamar ana kuka. A nemi babbar rikoda ta gwanjo irin ta ɗakin ɗaukar sauti, ana samu a Alaba, a kai wa mai gyara ya canja bel ya daidaita gudu. Gudun kaset santimita 4.76 ne a daƙiƙa. Bel ɗin da ya saki yana rage shi, sai muryar marigayi ta yi kauri ta zama ba tasa ba, kuma 'ya'yansa za su fara ganewa. Bayan kowane kaset biyu ko uku a goge kan rikodar da ƴar tayar roba da auduga da sifirit mai ƙarfi, a bari ya bushe. In audugar ta fito da ja-ja mai yawa bayan kaset guda, zaren yana zubar da fatarsa ne, a tsaya.

Akwai wani ɗan sukuru a gefen kan rikoda da mutane da yawa ba su san amfaninsa ba. Shi ke daidaita karkatar kan. Kaset ɗin da aka ɗauka a wata rikoda, ballantana na kasuwa da aka kwafa daga kofi zuwa kofi, da wuya ya dace da karkatar taka. Ana sauraro da abin kunne ana juya sukurun kaɗan-kaɗan, bai fi rubu'in zagaye ba, har sai harafin "s" da "sh" sun fito tas. Minti ɗaya ne aikin, amma bambancin da yake kawowa babu manhajar da za ta iya kawo shi daga baya.

Daga rikoda waya za ta shiga ƙaramin akwatin sauti mai USB, shi kuma ya shiga kwamfuta. Manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa. A ɗauka a tsarin WAV, 48 kHz da bit 24 aƙalla. Ma'ajiyoyin sauti na duniya sun fi son 96 kHz. Ƙarar kada ta taɓa sifili a ma'auni, ta riƙa kaiwa tsakanin -12 da -6, domin sautin da ya fashe wurin ɗauka ba ya gyaruwa. A yi aikin a kan batir ko inbata. Ɗaukewar wuta a tsakiyar kaset tana sa a sake juya zaren da ba ya son juyi, janareta kuma kan cusa wani gunji a cikin sautin. In an ji gunjin, a cire cajar kwamfutar a gani, sau da yawa ita ce.

Kofin farko a bar shi yadda ya fito, da shuu ɗinsa da tarin mai ɗauka da kukan zakaran da ya shiga. Kada a wanke shi. Masu rage hayaniya da manhaja sukan wuce gona da iri har murya ta koma ta ƙarfe. A yi wani kofin daban na MP3 don sauraro da rabawa, shi za a yi wa kwalliya in ana so. Sunan fayil ya ɗauki lambar rajista da gefe da shekara, misali K014_A_hira_1987, kuma a guji ƙ da ɗ da ɓ a sunan fayil, domin wasu na'urorin sukan mayar da su shirme.

Ga lissafin da ya kamata kwamiti ya sani tun farko. Awa guda a 48 kHz tana cin kusan gigabait ɗaya. Kaset 200 na C90 awa 300 ke nan, wajen gigabait 310, rumbun ajiya mai terabait ɗaya ya ɗauke su da sarari. Lokaci ne matsalar: kaset ba ya kwafuwa da sauri, minti casa'in minti casa'in ne, ga dubawa da gyara da rubutawa. Mutum ɗaya mai himma kaset uku ko huɗu zai gama a yini, wato wata biyu zuwa uku kafin 200 su ƙare. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ranar taro ta matso, a zaɓi goma sha biyar mafi muhimmanci a fara da su.

Kofi uku ake ajiyewa: rumbu biyu daban-daban da kuma ɗaya a intanet, kuma ɗaya daga cikin rumbunan ya bar Legas, ya tafi wurin iyali a Arewa. Sabon rumbu ko filashi a cika shi da fayiloli a sake buɗe su kafin a amince da shi, saboda akwai na jabu masu nuna girman da ba su da shi, suna karɓa suna goge na baya. Wanda zai turo sauti ko hoto ta WhatsApp ya turo shi a matsayin takarda, wato Document, in ba haka ba manhajar za ta matse shi.

Babban tef mai faifai irin na gidan rediyo ba aikin gida ba ne. Wasu na shekarun 1970 da 1980 suna yin danƙo su riƙa ƙara a cikin inji. Ƙwararru kan gasa su a zafi kaɗan, wajen digiri 50 zuwa 55, na sa'o'i, a na'ura ta musamman. Murhun girki ba ya wannan aiki. Wanda kuma aka ɗaga a haske aka ga haske yana ratsa shi, ko yake warin tsami, wani iri ne da zafi ke kashewa gaba ɗaya. A kai wa tsofaffin injiniyoyin gidajen rediyo, akwai su a Legas da suka yi ritaya. Faifan garmaho a jera shi a tsaye, kada a ɗora wani kan wani. Kaset ɗin bidiyo shi ma fumfuna ke cinsa, kuma dokarsa ɗaya: a duba kafin a zura.

Hotuna a yi musu sikanin a 600 dpi, takardu a 300, gaba da baya. Hoton da ya manne da gilashin firem kada a ɓamɓare shi, a ɗauke shi ta cikin gilashin. A cire ƙusoshin sitefula da suka yi tsatsa da robar ɗauri. Kada a kai takarda a like ta da leda mai zafi, musamman rubutun ajami, domin in an like ba a sake buɗewa.

Bakin waɗanda suka san shi

Abokan aikinsa tsofaffi ne, su ma ba jira za su yi ba. A zaɓi shida zuwa goma: wanda suka fara aiki tare, ɗan amshi ko mai riƙe masa kalangu, injiniyan da ya riƙa ɗaukarsa, matarsa in ta yarda, har da wanda suka yi saɓani. Waya ta isa, in an rufe layinta don kada kira ya katse, aka ajiye ta kamar kamu ɗaya da rabi daga bakin mai magana, aka kashe fanka. A fara da sunansa da kwanan wata da yardarsa a cikin ɗaukar. Minti arba'in da biyar zuwa awa ɗaya ya isa zama guda. Tambayar "wane irin mutum ne?" ba ta haifar da komai sai "mutumin kirki ne, Allah Ya jiƙansa." A tambayi abu takamaimai: "Baba, ranar da kuka fara shiga ɗakin watsa shiri tare, wa ya kawo shi? Nawa ne albashi a lokacin? In ya yi fushi da aiki me yake cewa?"

Daga nan ake rubuta tarihinsa, shafi biyu zuwa huɗu. Shekarar haihuwa ita ce tarko. Yawancin mutanen wancan zamani ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, abin da ke takardar aiki sau da yawa ƙiyasi ne. In majiya biyu sun saɓa a rubuta "wajen shekara kaza", ya fi a buga ƙarya a kan kyalle mai faɗin bango. Ranar rasuwa kuma a tsayar ko ta Hijira za a riƙa bi ko ta Miladiyya, tunda tsakaninsu akwai kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara.

Ranar taro

Lahadi da hantsi ta fi, daga ƙarfe goma da rabi zuwa azahar. Hanya a sake take, 'yan kasuwa suna da sarari, kuma sallah ce za ta tashi taron ba sai an roƙi kowa ya yi shiru ba. Yuni da Yuli ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, Satumba da Oktoba ma yakan dawo, kuma da damina 'yan ci-rani da yawa sun tafi gida noma. Disamba zaure yana tsada, gosulo ya yi muni. Makonni biyu kafin Babbar Sallah 'yan kasuwar dabbobi da mutanen mayankar Oko-Oba ba su da lokacin kowa, bayan sallah kuma gari ya watse.

Wuri ya bi jama'a. Zauren alfarma a Ikoyi yana da kyau a hoto, amma masu sauraren marigayi na haƙiƙa suna Agege, Mile 12, Idi-Araba, Obalende da Ojo. A tuna kuma tun 2022 an hana acaba a ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Ikeja, Surulere, Apapa da Eti-Osa. Wanda ya zo a kan babur ɗinsa yana iya komawa a ƙasa. Zauren makaranta ko harabar da ke da katanga ya fi kafa rumfa a titi, wanda ke bukatar izini kuma yake jawo 'yan karɓar kuɗin ƙasa. A kai wa Sarkin Hausawan yankin gaisuwa da ƙafa, da goro a hannu, mako uku kafin ranar: "Ranka ya daɗe, mun zo sanar da kai ne, kuma muna roƙon ka zama uban taro." Haka Baale ko Oba, masu sarautar Yarabawa na unguwar, da takarda ga ofishin 'yan sanda mafi kusa. Marigayin da ya yi aiki a Legas yana da abokai Yarabawa da Ibo, a tanadi mai fassara a taƙaice, a buga takardar shiri da Hausa da Turanci.

Na'urar sauti ita ce zuciyar taron, tunda muryarsa aka zo ji. A gwada ta a zauren tun jajibiri da ainihin fayilolin da za a sa. Makirufo biyu masu waya, ɗaya marar waya da sabon batir. Janareta mai 5 kVA ya ɗauki lasifika da majigi da fankoki kaɗan; a ajiye shi nesa, taku ashirin ko fiye, a bayan gini. Majigi ba ya ganuwa da rana a ƙarƙashin rumfa, sai dai babbar talabijin. In za a watsa kai tsaye a Facebook, sautin ya fito daga mikisa, na'urar haɗa sauti, ta hanyar waya, a tanadi data wajen gigabait ɗaya da rabi kowace awa, kuma a ɗauki taron da wata kyamara daban, domin tun 2025 Facebook yana goge bidiyon kai tsaye bayan kwana 30.

Buhun shinkafa mai kilo 50 yana ciyar da mutum 250 in an zuba daidai. Ruwa a lissafa leda biyu ko gora ɗaya da rabi ga kowane mutum, goro ƙwarya biyu ko uku, da dabino. A raba abinci a ƙunshe bayan addu'ar rufewa. In aka fara rabo ana tsakiyar lacca, an gama lacca.

Shirin kada ya wuce awa biyu da rabi. Buɗewa da addu'a minti goma, tarihinsa minti goma, lacca guda ɗaya tak ta minti ashirin da biyar a kan aikinsa daga wanda ya nazarce shi, shaidu uku minti bakwai-bakwai, wakilin iyali, bayanin kuɗi, rufewa. Muryarsa a raba ta gida uku, minti shida ko bakwai kowanne, a warwatsa a tsakanin jawabai, kuma kafin kowane yanki a faɗi shekararsa da wanda ya ba da kaset ɗin. A sanar da iyali abin da za a sa tun kafin ranar, domin jin muryar miji ko uba ba zato yana da nauyi. Sanƙira ya zama mai iya karɓe makirufo cikin raha. Abu biyu ke cinye irin wannan zama: ɗan siyasar da ya zo a makare da tawaga ya mayar da wurin dandalin kamfe, da maroƙan da za su juya yabo daga mamaci zuwa masu rai. A gaisa da manya a jimla sau ɗaya, maroƙa a sallame su a waje da mutunci. Gudummawa kuma a karɓa nan take ko ta tura kuɗi a asusu. Alkawarin da aka yi a makirufo don a tafa, kada a sa shi a lissafi.

Haƙƙi da ajiya

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba rubutu da waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai su, sautin da aka ɗauka da shirin da aka watsa kuma shekara 50. Ma'ana, waƙoƙin Mamman Shata da ya rasu a 1999, ko na Ɗanmaraya Jos da ya rasu a 2015, ko rubutun Abubakar Imam da ya rasu a 1981, duk ba kayan tsintuwa ba ne. Haka na wanda kuke tunawa. Shirin da ya gabatar yana ma'aikaci galibi gidan rediyon ke da iko da shi, faifai kuma kamfani na iya cewa nasa ne. In za a buɗe shafin YouTube, a buɗe shi da sunan magada, lambobin sirri a hannun mutum biyu daga cikinsu, kuɗin da ya shigo nasu ne.

A kai kofi ɗaya wata ma'ajiya da za ta fi kwamiti tsawon rai: Gidan Arewa a Kaduna, ko cibiyar nazarin harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero, tare da kofin rajistar da takardar yardar magada. In an buga ɗan littafi, a kai wa Ɗakin Karatu na Ƙasa kofi uku kamar yadda doka ta ce, yana da reshe a Yaba.

Maganar kafa gidauniya takan taso a ranar, cikin zafin taro. A dakata shekara guda. Rajistarta a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, tana bukatar amintattu da tsarin mulki da sanarwa a jaridu ta kwana 28, sannan rahoto duk shekara, kuma da yawa daga nan suke mutuwa. Sadaka mai gudana da za a iya riƙewa ta fi: kuɗin makarantar yara biyu daga cikin marayunsa ko na yaransa na sana'a, ko rijiyar burtsatse a garinsu, ko horar da matasa biyar aikin da ya iya.

Cikin mako biyu bayan taro a fitar da lissafin shiga da fita a shafi ɗaya, a tura wa duk wanda ya ba da ko sisi. A mayar da kowane kaset ga mai shi a sa ya sa hannu a rajista, na iyali kuma a mayar a roba mai murfi da ƙwayoyin tsotse danshi, a gaya musu su ɗora a kan kanta nesa da bango da ƙasa. A naɗa mutum ɗaya da zai riƙa kunna rumbunan sau ɗaya a shekara yana buɗe fayiloli goma daga wurare daban-daban, kuma duk shekara huɗu ko biyar a sayi sabon rumbu a kwashe komai a mayar ciki.